Baturen da ya bi makiyaya yana tambayar sunan ciyawa: tambayoyi da amsoshi kan Foskal da tsirran Hijaz

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a nan Jidda, kuma duk shekara idan muka kai babin tsirrai sai wani yaro ya ɗaga hannu: "Ustazu, mene ne wannan Forssk. da ake liƙawa a bayan sunan bishiya?" Guntun sunan mutum ne. Daga wannan tambaya wasu suka yi ta ɓullowa, daga ɗalibai, daga iyayensu mata, da kuma dattawan majalisarmu ta bayan Isha'i, waɗanda ba sa karɓar magana sai an kai ruwa rana. Ga su nan yadda suka zo mini, da abin da nakan amsa.

To, wane ne shi?

Sunansa Peter Forsskål, amma mu ce Foskal don harshe ya huta. An haife shi ranar 11 ga Janairu 1732 a Helsinki, babban birnin Finlan na yau, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Suwidin. Mahaifinsa limamin coci ne, ya kwashi iyalinsa ya koma Suwidin a 1741. Yaron ya yi karatu a jami'ar Ufsala, ya zauna gaban Liniyos, malamin da ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai da dabbobi suna har gobe. A 1753 ya wuce Gotingen ta Jamus, ya karanci falsafa da harsunan Gabas, har da Larabci, a wajen wani malami mai suna Mikayilis. Ya mutu a Yaman a 1763 yana da shekara 31.

Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne haɗa ilimi biyu a kai ɗaya. Masu tara tsirrai da dama sun shigo ƙasashenmu da tafinta a gaba. Shi kuwa yana iya tsayawa da mai raƙumi ko mai kamun kifi ya tambaye shi da bakinsa, ya rubuta amsar da harufan Larabci a gefen sunan Latin.

Malami ne ko ɗan yawon duniya?

Kafin tafiyarsa Sarkin Denmak ya ba shi muƙamin farfesa, sai dai ajali bai bar shi ya dawo ya zauna kan kujerar ba. In ana neman malamin aji a wannan labari, Liniyos ne. Tun 1741 yake koyarwa a Ufsala, kuma ba ya barin ɗalibai su san tsiro a takarda kawai. Da bazara yakan kwashe su zuwa bayan gari, su yini suna tono da tsinka, su dawo da yamma ana busa ƙaho ana kaɗa ganga kamar masu dawowa daga farauta. Manyan almajiransa kuma ya watsa su duniya, wani Amurka, wani Sin, wani Afirka ta Kudu, su aiko masa da abin da suka gani. Da yawansu ba su dawo ba. Foskal yana cikin waɗanda ba su dawo ba.

A littafinsa na 1753 Liniyos ya daidaita ƙa'idar suna biyu. Nakan ce wa yara su ɗauke shi kamar sunan gida da sunan yanka: kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta mai ita. Guntun sunan da ke biye kuma na wanda ya fara bayyana tsiron ne a rubuce bisa ƙa'ida. Idan aka sa shi cikin baka biyu, ma'anarsa daga baya wani masani ya sauya wa tsiron dangi, amma ba a goge haƙƙin na farko ba.

An ce ya taɓa samun matsala da hukuma. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba kan tsiro ba. A 1759 ya rubuta wata ƙasida kan 'yancin ɗan ƙasa, yana cewa a bar mutane su rubuta ra'ayinsu su buga. Jami'a ta ƙi amincewa. Sai ya je ya buga kwafi 500, ya rarraba su kafin hukuma ta farga. Wanda aka ɗora wa aikin ƙwace su kuwa shugaban jami'a ne na lokacin, wato malaminsa Liniyos. Kwafi 79 kaɗai aka iya tattarowa. A 1766, shekara uku bayan mutuwarsa, Suwidin ta kafa dokar 'yancin buga rubutu. Wannan ya isa ya nuna maka irin kansa: mai kaifin basira, mai gardama, ba ya lanƙwasuwa.

Me ya kawo su ƙasar Larabawa? Ba leƙen asiri ba ne?

Wannan tambayar wani dattijonmu ne ya jefo ta, kuma ban ga laifinsa ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma Denmak ba ta da wani mulki a wannan yanki, ba ta kuma samu ba bayan tafiyar. Mikayilis ne ya kawo shawarar. Shi malamin Attaura ne, yana ganin cewa tsirrai da dabbobi da al'adun da aka ambata a cikinta za a fi gane su in an je an ga yadda Larabawa ke rayuwa, an ji sunayen da suke kiran abubuwa. Sarki Firedirik na Biyar ya ɗauki nauyi, don a zamanin sarakunan Turai suna gasar suna da irin wannan.

Su shida ne: Fon Haben masanin harsuna, Foskal, Nibur mai awon ƙasa da zana taswira, Kirama likita, Baurenfain mai zane, da Bergiren mai yi musu hidima. Sun bar Kopenhegan a Janairu 1761, suka bi ta Santambul, suka shekara a Masar. Ba su jitu ba ko kaɗan, musamman Foskal da Fon Haben. Taswirorin Nibur dai daga baya sun amfani jiragen Ingila a Bahar Maliya, don haka shakkar Baba ba ta tashi a banza gaba ɗaya ba. Ilimi in ya fita hannun mai shi, ba shi ke zaɓar wanda zai ɗauka ba.

Da gaske ya zo Jidda? Me ya yi a nan?

Ya zo. Sun shigo jirgin ruwa daga Suwes tare da fatake da maniyyata, suka sauka Jidda a ƙarshen Oktoba 1762, suka yi kamar mako shida. Jiddar lokacin ita ce unguwar Balad ta yanzu, wato tsohon gari, cikin ganuwa, gidajenta na dutsen murjani da ake sarowa daga bakin teku. Tsirrai ba su da yawa a kewayen garin, kowa ya san yadda filin Jidda yake kafin ruwa ya sauka, sai ya juya ga teku: kifi, murjani, katantanwa.

A nan ne nake jin daɗin koyar da wannan babi, don ba sai na yi dogon bayani ba. Nakan ce wa yara su bi iyayensu Bangala, kasuwar kifi ta Jidda, da sassafe, su tsaya gaban tebur su saurari mai kifi. Zai ce harid, zai ce sijan, zai ce bayad. Su dawo mu buɗe littafi: Hipposcarus harid, Siganus, Carangoides bajad. Wannan "j" ta bajad "y" ake karanta ta a harshensu, bayad ɗin dai ce. Akwai kuma sohal da bohar. Duka daga bakin masuntan Bahar Maliya ya ɗauko su, kuma yau masani a Japan ko Barazil da su yake kiran kifin. Wata yarinya da ta gano haka ta ce mini, "Ashe mai kifi Latin yake yi bai sani ba." Na ce mata a'a, Latin ɗin ce ke yin Larabci.

Har yanzu a gidan tarihin halittu na Kopenhegan akwai fatun kifayen da ya tara, an busar da su an shimfiɗe kamar ganye.

Ya shiga Makka?

Bai shiga ba, ba Musulmi ba ne. An bar su su zaga Jidda yadda suke so, aka dai gargaɗe su kada su kusanci ƙofar da ke fuskantar Makka. Daga nan suka shiga wani jirgin zuwa Luhayya ta Yaman, suka isa a ƙarshen Disamba.

Waɗanne tsirrai ne ya sa wa suna da mu Hausawa muka sani?

Nan ne zancen ya fi daɗi, don Hijaz da Tihama, wato filin gaɓar Bahar Maliya, da Sudan da ƙasar Hausa kusan ɗamara ɗaya ce ta tsirrai. Abin da ke tsirowa a Damagaram ko Daura sau da yawa za ka same shi a kwarin da ke bayan Jidda. Kakanninmu da suka taho a ƙafa ta Chadi da Sudan ba su sha wahalar gane dajin nan ba.

Ɗauki jiga. Larabawa suna ce mata sarh, a littafi kuma Maerua crassifolia, kuma Foskal ne ya raɗa. Sunan dangin ma daga wata kalmar Larabci ya ƙera shi. Haka bagayi, Cadaba farinosa. Kariya, wadda ke fid da jan fure a tsakiyar rani alhali ba ganye ko ɗaya a jikinta, shi ya fara bayyana ta. Yau ana sayar da ita a tukwane a wuraren sayar da shuke-shuke na Jidda, tana kuma tsirowa da kanta a duwatsun Jazan. A kula da yara, ruwan jikinta dafi ne.

Akwai ɗan'uwan zogale da ke fitowa a duwatsun Hijaz, Larabawa suna ce masa ban ko yusr, a littafi Moringa peregrina. Ganyensa ƙanana ne, yakan zubar da su ya bar tsinke kawai, ba na kwaɗo ba ne, amma 'ya'yansa na ba da mai mai kyau wanda ake tatsa a yankin Ula. Na taɓa nuna wa wata Hajiya kwafsarsa ba tare da na ce komai ba. Ta jujjuya ta a hannu ta ce, "Wannan ai zogale ne ya sha wuya." Ba ta karanta Liniyos ba, amma ta sa shi a danginsa daidai.

Wanda na fi so shi ne markh, wani tsiro mai kama da tarin tsintsiya kore a cikin yashi. Larabawan da suna murza itacensa su fid da wuta, har suna da karin magana a kai. Foskal ya ji haka sai ya sa masa pyrotechnicum, wato mai haɗa wuta. Yau sunansa Leptadenia pyrotechnica, kuma dangi ɗaya suke da yaɗiyar da iyayenmu ke kwaɗantawa. Mutanenmu na Sudan kuma sun san guddaim da ake jiƙawa a sha, Grewia tenax, 'yar'uwar dargaza. Ita ma akwai sunansa a bayanta. Bishiyar shura da ke tsaye cikin ruwan gishiri a gaɓar Bahar Maliya, ita ma haka. Har ganyen gat na Yaman, wanda doka ta haramta a nan Saudiyya, sunansa Catha daga rubutunsa ya fito.

Kana nufin kafin zuwan Bature ba wanda ya san waɗannan tsirrai?

Allah ya kiyaye, Baba. Ai da ɗan gari kan ci gari. Cewa "shi ya fara bayyanawa" magana ce ta tsarin Liniyos kawai, ba ta sanin tsiro ba. Wanda ya nuna masa markh ya riga shi saninsa da ƙarnoni.

A rubuce ma an riga shi nesa. Abu Hanifa Dinawari, wanda ya rasu wajen 895, ya rubuta Kitabun Nabat, kuma hanyarsa ita ce dai wannan: tambayar Larabawan ƙauye da bin waƙoƙinsu. Abul Abbas Annabati, mutumin Ishbiliya ta Andalus, ya zo aikin Hajji a farkon ƙarni na 13 yana rubuta tsirran da ya gani a hanya, har da na Hijaz. Almajirinsa Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara bayanin magunguna da abinci kusan 1,400. In ana neman malamin tsirrai da almajirinsa a tarihin Musulmi, ga su nan.

Abin da Foskal ya ƙara shi ne ya ɗaura sunan gida da samfurin da aka busar aka ajiye, da bayanin fure da 'ya'ya bisa ma'auni ɗaya da duniya ta yarda da shi. Suna kan yaudari mutum. Kalma ɗaya tana iya nufin tsiro uku a gari uku. Amma busasshen reshe da ke kan takarda, duk mai shakka yana iya zuwa ya duba.

Mene ne labarin bishiyar balasan?

Turawa sun daɗe suna sayen wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira balasan na Makka ba tare da sun san bishiyarsa ba, kuma Liniyos yana ƙishirwar saninta. A Afrilu 1763, a wata fita da suka yi da Nibur cikin Yaman, Foskal ya ci karo da ita tana fure. Ya yanki reshe ya aika wa malaminsa da wasiƙa. Kafin saƙon ya isa Ufsala mai aikowa ya riga mu gidan gaskiya. Bishiyar ita ce basham, wadda ke nan a duwatsun tsakanin Makka da Madina, ana ma yin asuwaki da rassanta. Danginta ɗaya da dashi na gida. Ka karya ɗan reshe ka shinshina, hancinka zai gaya maka.

Yaya ya mutu?

Zazzaɓin cizon sauro ne, sun ɗauko shi a Tihama, su kuwa suna ɗaukarsa mura ce. Kafin nan ma sun sha wuya a Mokha. Ma'aikatan kwastan suka buɗe kayansa, suka tarar da kifi da macizai a cikin kwalabe an jiƙa su da barasa don kada su ruɓe. Wari ya cika wurin, magana ta bazu cewa baƙin nan masu haɗa guba ne. Wani ɓangare na abin da ya tara ya lalace a nan. In ka sa kanka a matsayin ma'aikacin, da wuya ka ga laifinsa: wane mai hankali ne ke yawo da maciji a kwalba?

Fon Haben ya mutu a Mokha a watan Mayu. Sauran suka kama hanyar San'a ta cikin duwatsu, Foskal yana kwance an ɗaure shi a bayan raƙumi. A garin Yarim ya cika, ranar 11 ga Yuli 1763. Mai zane da mai hidima suka mutu a teku a hanyar Indiya, likita ya mutu a Bombai a farkon 1764. Nibur kaɗai ya koma gida, a 1767. Shi da kansa ya danganta tsirarsa da barin cin abinci da zama irin na Turawa, ya koma yin yadda mutanen ƙasa ke yi.

To ta yaya aikinsa ya tsira?

Amanar Nibur. Shi ba masanin tsirrai ba ne, amma ya tattara takardun abokinsa, ƙananan guntaye masu yawan gaske, ya sa aka tsara su, ya buga. A 1775 littafin tsirrai ya fito da sunan Flora Aegyptiaco-Arabica, tare da na dabbobi, a 1776 kuma na zane-zane. A cikin na dabbobin har da jerin magungunan da ake sayarwa a Alƙahira, irin kayan da za ka gani yau a shagon aɗɗar, mai sayar da magungunan gargajiya da kayan ƙamshi. Tun da mai aikin ba ya nan, kurakurai sun shiga, masanan baya suka yi ta gyara. Duk da haka littafin ne tubalin farko na nazarin tsirran wannan yanki a tsarin zamani.

Liniyos kuma ya karrama almajirinsa ta wata hanya mai ban dariya. Ya sa wa wani tsiro suna Forsskaolea tenacissima, kalmar ta biyu tana nufin mai tsananin naci. Ciyawa ce mai gashi-gashi da ke manne wa tufa, Larabawa suna ce mata lussaiƙ, tana nan birjik a duwatsun Hijaz. In ta kama maka ƙafar wando sai ka tuna ƙarangiya. Masu ba da labari sun ce halin mutumin ne malamin ya tuna.

Akwai wanda ya yi wa Hausa irin wannan aiki?

Akwai. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin Turawa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Bishiyar hano sunansa take ɗauke da shi, Boswellia dalzielii. Su wa suka gaya masa sunayen? Manoma, makiyaya, wanzamai, ungozomomi, 'yan magori. Ba a rubuta sunan ko ɗaya a bayan bishiya ba.

A nan Saudiyya, Ahmad Mujahid, malami ɗan Masar a jami'ar Riyad, ya fitar da littafin tsirran ƙasar tare da abokin aikinsa a 1974. Wata Baturiyar Ingila, Sheila Collenette, ta shafe shekaru tana zaga ƙasar da kyamara, ta buga littattafai a 1985 da 1999. Yau an san tsirrai sama da iri 2,200 a ƙasar da mutane ke cewa ba komai sai yashi, mafi yawansu a duwatsun kudu maso yamma.

Damuwata ta fi kusa da gida. Yaranmu da aka haifa a Shara Mansur ko Karantina sun san kuka a miya, ba su taɓa ganin bishiyarta ba. Na tsayar da wani gaban tumfafiya a wani kango, bai san ta da Hausa ba, bai san ushar da Larabci ba. Kakarsa kuwa tana gida, tana iya lissafa masa tsirrai hamsin da amfaninsu ba ta numfasa ba, ba wanda ya tambaye ta. Shi ya sa aikin gida na farko da nake bayarwa shi ne kowa ya je wajen tsohuwar gidansu ya rubuto suna goma, da inda ta san tsiron, da abin da ake yi da shi. Abin da ke dawowa yakan haɗa Hausa da Larabcin Sudan da na Hijaz a layi ɗaya: aduwa, hijlij, lalob. Kurna, sidir, nabag. Bagaruwa, garad. Goriba, dom.

Ni a Makka nake. Ya halatta in tsinki tsiro don nazari?

Yaya, a nan a taka a hankali. Hadisi ya tabbata cewa ba a sare bishiyar Harami, ba a cire ciyawarsa, sai izkhir da Abbas ya roƙa aka togace saboda amfaninsa a gidaje da kaburbura da wajen maƙera. Izkhir shi ne nobe, ciyawar nan mai ƙamshi, mutanen Sudan suna ce mata maharaib. A littattafan Malikiyya an haɗa da sana, wato dangin filasko da sanamaki, saboda magani. Hanin ya shafi abin da ya tsiro da kansa, ba abin da mutum ya shuka ba. Madina ma tana da nata haramin. Don ƙarin bayani a koma ga malamai, ni malamin tsirrai ne.

Shawarata mai sauƙi ce: cikin iyakar Harami ka ɗauki hoto kawai. Waya ta wadatar, ka ɗauki ganye, fure, 'ya'ya, da tsiron gaba ɗaya. Arfa tana wajen Harami, amma darbejiyar da ke can shuka ce ta hukuma don inuwar alhazai, ba ta tsinka ba ce. A wajen Harami ma dokar muhalli ta hana sare itace da tumɓuke tsirrai, akwai tara, wuraren da aka keɓe kuma sai da izini.

Yaya zan fara tara nawa samfurin a gida?

Tsohuwar jarida, kwali, katako biyu, da abu mai nauyi. Ka yanki reshe ɗaya da bai wuce tsawon takarda ba, mai fure ko 'ya'ya, don ganye kaɗai ba ya isa a gane tsiro. Ka shimfiɗa shi cikin jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu ta baya, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne. Tun a wurin ka rubuta rana, wuri, launin fure, ƙamshi, tsawon tsiron, da sunan da mutanen wurin suka faɗa. Launi da ƙamshi za su tafi, rubutun ne zai zauna.

Sai ka riƙa sauya jaridar kullum a kwanakin farko. Wannan na koye shi da tsada. Shekarar da na fara, na danne samfuri kusan talatin na ajiye a baranda na tafi Madina. Danshin iskar Jidda ya yi aikinsa. Na dawo na ɗaga katako, sai fumfuna fari fat, ganyen sun zama kamar dafaffen lalo. Tun daga nan a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nake busarwa.

Lokacin fita shi ne makonni kaɗan bayan ruwan hunturu, in kwaruruka irin Wadi Fatima sun yi kore. Ko ka hau Hada da Shafa ta Ɗa'if ka ga bishiyar ar'ar da zaitun na daji, ka dai riƙe jakarka da kyau saboda birai. Kada ka shiga kwari in hadari ya haɗu ko da a nesa ne. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ba ya buƙatar a maimaita masa. Ruwan tumfafiya kuma kada ya kusanci ido.

Ɗana yana son wannan karatu. Akwai abinci a ciki?

Hajiya, ba zan ce miki zai yi kuɗin likita ba. Amma ba kamar da ba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin kore ƙasa a 2021, da burin shuka bishiya biliyan 10, ana neman waɗanda suka san wane iri ne zai rayu a wane wuri ba tare da an yi ta ɗura masa ruwa ba. Akwai aikin gandun renon shuka, dashen shura a gaɓar teku, binciken muhalli kafin a yi gini, harhaɗa magunguna, da koyarwa irin tawa. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda da Ummul Ƙura a Makka suna da sashen ilimin halittu, ta Sarki Sa'ud a Riyad kuma tana da sashen tsirrai da ma'ajiyar busassun samfura. Sharuɗɗan shiga sun bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, sai a bincika tun yana sakandare. In kuma gida zai koma, jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai duk ana wannan karatu, kuma yaron da ke jin Hausa da Larabci da Turanci yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi.

Kafin nan ki saya masa ƙaramin littafin rubutu mai kauri da gilashin ƙara girma, ba su kai kuɗin cin abinci ɗaya a waje ba. Ranar Juma'a in an taru a gidan Kaka, ki zaunar da shi kusa da ita, ki buɗe ƙullin magungunanta, ya fara daga na sama.